Darasi: Mun Hutar Da Shanu, Wa Zai Hutar Da Uwa?

A karanta wannan darasi a taron ƙungiya, maza da mata tare, tun kafin ruwan shuka ya sauka.

A daminar bara mun ziyarci wata ƙungiyar manoma. Muna cikin taro sai wata 'yar'uwa ta shigo a makare, da goyo a baya da fartanya a hannu. Jaririn bai cika wata biyu ba. Kafin ta zauna sai ta shiga ba da haƙuri. Ta ce ciyawa ta cinye gyaɗarta, ɗanta na fari yana kwance da zazzaɓi, surfen tuwon dare ma ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, ni dai na kasa. In ina gona hankalina yana gida. In na zauna gida kuwa sai in ga kamar ni malalaciya ce." Sauran mata suka yi shiru, gama kowace ta san wannan nauyi a zuciyarta.

'Yan'uwa, wannan mace ba ta kasa ba. Aikin ne ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Abin da darasin nan yake koya mana ke nan: lafiyar uwa jari ce ta gida da ta ƙungiya, hutunta kuwa ba laifi ba ne.

Bari Mu Yi Lissafi

A ce gida yana da mutum 6, kowa yana bukatar ruwa lita 20 a rana don sha da girki da wanka. Lita 120 ke nan, watau jarka 6, kowace jarka kuwa nauyin ruwanta kilo 20 ne. In zuwa rijiya da dawowa yana cin minti 30, awa 3 sun tafi a ɗiban ruwa kaɗai. A ƙara neman itace, da surfe, da daka, da girki, da wanki, da shayar da jariri dare da rana. Sa'an nan a ƙara noman gandu, da na gayaunarta da yamma. Ina lokacin barci?

Abin da ya ƙara tsananta al'amarin shi ne, wahaloli uku suna haɗuwa a wata ɗaya. A Yuli da Agusta ne ake fama da firi da maimai, noman da ba ya jiran kowa. A lokacin ne rumbu yake yin ƙasa. A lokacin ne kuma sauro yake yawa. Uwa ce take cin ragowar abinci, ita ce kuma take kwana a zaune da yaro marar lafiya.

Mu kwatanta da shanun nomanmu. Da sassafe muke ɗaura musu garma, rana tana yin zafi mu kwance su. Muna ajiye musu harawa da dusa da kanwa. Babu wanda yake kiran sa malalaci don ya kwanta a inuwa, gama mun san jari ne. To, ashe uwar 'ya'yanmu ba ta fi sa daraja nesa ba?

Abin Da Jikin Uwa Yake Bukata

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaciya hutun mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayan haihuwa, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Manomiya ba ta da mai rubuta mata takardar hutu, amma jikinsu ɗaya ne. Iyayenmu ma sun san haka, shi ya sa suka ware kwana arba'in na jego. Mu riƙe wannan hutu da kyau. Sai dai tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna cewa yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego suna da hannu a ciwon zuciya bayan haihuwa. Hutun muke so, ba kanwar ba.

Ga shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya kamata kowane mai gida ya sani. Mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, ta riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jini kullum. Daga wata na huɗu ta karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, watau SP, sau ɗaya a wata, aƙalla sau 3, ta kuma kwana cikin gidan sauro. Jariri ya sha nono zalla har wata 6, a ci gaba da shayar da shi tare da abinci har shekara 2. A bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki. Mai shayarwa tana bukatar ƙarin abinci a kan na kullum, musamman wake, gyaɗa, waken suya, zogale da ƙwai. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

In mai jego tana zubar da jini da yawa, ko zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburi, ko numfashi sama-sama, a kai ta asibiti nan take, ko da rana ce ta shuka.

Ciwon Da Ba A Gani

Akwai kuma gajiyar zuciya. Hukumar nan ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da ciwon damuwa bayan haihuwa. Alamunsa su ne yawan kuka, rashin barci ko da jariri ya yi barci, rashin cin abinci, da ganin kanta ba ta da amfani. In ya wuce mako 2, a raka ta wurin ma'aikacin lafiya. Ba lalaci ba ne, ba kuwa rashin bangaskiya ba. Ciwo ne mai magani.

Iyayenmu mata, lamiri yana tsauta wa mutum ne a kan mugun abin da ya aikata. Amma wadda ta kasa kasancewa a gona da gida a sa'a ɗaya ba ta yi mugunta ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Mahaliccinmu da ya ba da ranar hutu bai ware mata daga ciki ba.

Abin Da Ƙungiya Za Ta Yi

1. A rubuta sunayen masu ciki da masu jego tun a watan Afrilu. A sa gonakinsu a farkon jerin gayya, domin a yi musu firi cikin mako 3 bayan shuka.

2. A ɗauke wa mai jego aikin gonar ƙungiya na mako 6, ba tara, ba a kuma rage rabonta da kaka.

3. A ranar gayya a zaɓi inuwa kusa da gona, mata biyu su riƙa duba yara bi da bi. A lissafta musu shi a matsayin aikin yini, domin uwa ta zo ta shayar ta koma.

4. Mai ciki da mai shayarwa kada su yi feshin maganin ciyawa ko na ƙwari, kada su wanke kayan mai feshi, kada kuma a shiga da goyo gonar da aka fesa.

5. A ware wani abu daga adashi don kuɗin mota zuwa asibiti da kuɗin injin niƙa.

6. Magidanta, keke da amalanke da suke kai buhu kasuwa suna iya ɗauko jarka da itace. A koya wa 'ya'ya maza ɗiban ruwa da shara kamar 'yan'uwansu mata. A tanadi ruwa da garin Lahadi tun ranar Asabar, domin uwa ta sami sujada da Zumuntar Mata a natse.

Ƙungiyar da muka ambata da fari ta yi wa 'yar'uwar nan gayya bayan kwana 3. Mutum 11 suka gama gyaɗarta kafin tsakar rana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi Don Tattaunawa

1. Mata su faɗi ayyukansu na jiya tun daga asuba har kwanciya, magatakarda ya rubuta. Maza ma su yi haka. Me muka gani?

2. Waɗanne maganganu muke yi a gida da suke sa mace ta ji kunyar hutawa?

3. Wane aiki ɗaya kowane mai gida zai ɗauke wa uwargidansa daga wannan mako?

4. Su wa za mu fara yi wa gayya bana, wa kuma zai riƙe jerin sunayen?