Mu Haɗa Makwarari da Wuriya

Garinmu Yauri yana cikin ƙasar Matamaye, a kudancin jihar Damagaram. Damina tana kamawa wajen watan Yuni, ta ƙare wajen Satumba. Ruwa ya fi yawa a watan Agusta.

Mu yi lissafi. Ruwan sama milimetir 1 a kan fili mai metir 1 tsawo, metir 1 faɗi, litir 1 ne. Tsakar gida mai metir 10 tsawo, metir 10 faɗi, in an yi ruwa milimetir 30, za ta samu litir 3000. Wannan cikin tano 15 ke nan, kowane mai litir 200. Ina wannan ruwa duka zai tafi?

Gidaje da yawa suna da wuriya. Wuriya ita ce kafar da ake bari a gindin katanga don ruwa ya fita waje. Amma wani lokaci ruwa yakan kwanta a bakin ɗaki ko kusa da rumbu, nesa da wuriya. Kwantaccen ruwa yana cin gindin ginin ƙasa har bango ya faɗi, wani lokaci a kan masu barci. Kuma sauro yana yin ƙwai a ciki. Cikin kwana 10 ko makamancin haka, ƙwan ya zama sauro mai kawo masassara. Saboda haka sai a gina makwarari, watau ƴar hanyar ruwa, daga wurin har wuriya.

Babbar doka guda ce: ruwa ba ya hawa tudu. Dole farkon makwarari ya fi bakin wuriya bisa.

Ga yadda ake aikin:

1. A yashe wuriya, a fitar da yashi da shara. In ta toshe, sabon makwarari ba shi da amfani.
2. A kafa turke a inda ruwa yake kwanciya, wani a bakin wuriya. A ɗaura igiya tsakaninsu, a auna tsawon.
3. A fara gina daga bakin wuriya, ana komowa baya. Kowane metir 1, a bar gangare na santimetir 2. In tsawon metir 6 ne, farkon zai fi ƙarshen bisa da santimetir 12.
4. A jera duwatsu ko bulo a ciki, a shafe da siminti. Mahaɗar makwarari da wuriya ita ce ta fi son kulawa. In an bar tsaga a nan, ruwa zai shige ƙarƙashin katanga.
5. A sa ragar ƙarfe a bakin wuriya don ta tare kara da leda.
6. In siminti ya bushe, a zuba bokiti guda na ruwa a gwada. In ya tsaya a wani wuri, a gyara wurin.

Aiki bai ƙare a bakin katanga ba. Wanda ya tura ruwansa ƙofar maƙwabci ya sayi faɗa. Ruwan sama, a kai shi gindin itace ko wani gangare inda ba ya ɓata wa kowa. Ruwan wanka da na wanke-wanke kuwa, a gina masa rami a cika da duwatsu, ƙasa ta shanye shi. Ramin ya yi nisa da rijiya. Ruwan masai ba a haɗa shi da makwarari ko kaɗan.

A yi wannan aiki tun da bazara, kafin ruwan farko. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne wuriya?
2. Wace ɓarna kwantaccen ruwa yake yi?
3. Makwarari mai metir 9, gangaren santimetir nawa za a ba shi?
4. Don me ba a haɗa ruwan masai da makwarari?

Aiki

Bayan ruwan sama, ku duba gidanku. Ku zana tsakar gidan a kan allo, ku nuna wuriya da inda ruwa ya kwanta. Ku nuna wa baba ko inna, sa'an nan ku kawo makaranta.