Wasiƙa ga Yaron da Tattabararsa ta Mutu

'Ya'yana,

Ina ɗan shekara goma sha biyu aka ba ni wata jar tattabara mai farin wuya. A tsohuwar tukunyar da muka liƙa a jikin katanga take kwana, kuma da ta ji ƙarar gero a kwano sai ta sauko ta dira a kafaɗata. Wata safiyar hunturu na iske ta a ƙasa, wuya ya murɗe, tana kai wa ƙwayar gero sara tana kuskurewa. Kwana biyu ta yi a haka, ta mutu. Ina bayan rumbu ina kuka wani yayana ya leƙo, ya ce, "Don tsuntsu kake wannan?" Na haɗiye kukan, amma maganar ta daɗe tana sukata.

Shi ya sa nake rubuto muku. Wanda ya rasa tattabara, ko kyanwa, ko akuyar da ya raina tun tana shan nono, kada ya ji kunyar hawayensa. Dabbar da ka saba ba ta abinci da hannunka kullum safiya, dole ranka ya neme ta.

Sai da na girma na ji labarin Abu Umair, ƙanin Anas bin Malik. Yana da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga yaron a cikin damuwa, sai ya kira shi da alkunya kamar babban mutum, ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi, har wani malami, Ibnul Ƙass, ya fitar da fa'idoji sittin daga cikinsa. Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne, duk nauyin al'umma da ke kansa, ya lura da fuskar ƙaramin yaro, kuma bai raina abin da ke damunsa ba.

Ba a yi wa dabba salla, ba a zaman makoki. Amma ka haƙa rami mai zurfi ka binne ta, kada ka jefar a juji karnuka su ja. Ka wanke hannu da sabulu, ka share ɗakin. In ka ga sauran tsuntsaye sun fara sanyi, ka ware su, ka gaya wa manya a nemi likitan dabbobi, don ciwon fakat kan share gida guda cikin 'yan kwanaki, musamman da hunturu. Akwai rigakafinsa, ana yin sa a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato. Murar tsuntsaye kuwa, wadda ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006, tana iya kama mutum, saboda haka kada ku ɗauki mataccen tsuntsu da hannu tsirara.

Na san abin da ke hana ku barci: da na rufe ƙofa muzuru bai shiga ba, da na lura da wuri. Da na sani ƙeya ce, ɗana. Ka ɗauki darasin da ke ciki, sauran ka bar wa Allah, don ita ma da ajalinta ta zo. Ka nemi wanda ba zai yi maka dariya ba, kaka ko inna ko aboki, ka ba shi labarinta.

In an yi maka tayin wata, ba sai ka karɓa yau ba. Ni tukunyar nan ta zauna wayam har damina ta wuce, kafin na yarda kawu ya kawo mini wasu biyu daga kasuwa.

Allah Ya ba ku haƙuri, Ya yi muku albarka.

Naku,
Baffanku