Amsoshin Tambayoyinku: Memorin Na'urar Auna Sanyi Ya Ƙi Buɗewa

Tambaya: Ina aiki a wani ɗakin sanyi na ajiye nama kusa da mayankar Oko-Oba da ke Agege a Legas. Maigidana ya sa wata na'ura mai rubuta ma'aunin sanyi dare da rana a kan katin memori, ya ce ni zan riƙa cirewa ina kai masa. Da na zare na saka a kwamfuta sai ta ce wai sai an yi masa fomat. Me ya jawo haka? Kuma in sayo babba, mai giga 128, don kada ya cika?

Amsa: Kafin komai, kada ka yarda da fomat ɗin nan. Mai yiwuwa bayananka na nan daram, jerin da ke nuna wa kwamfuta inda kowane fayil yake ne ya lalace. Akwai manhaja ta kyauta mai suna PhotoRec da ke bin katin lungu-lungu tana tsamo fayiloli ba tare da ta dogara da wannan jeri ba. Ka nemi mai gyaran kwamfuta ya gwada ta, amma ka ja masa kunne kada ya rubuta komai a kan katin, abin da aka tsamo a zuba shi a wani wuri daban.

Abin da na fi zargi shi ne ka zare katin na'urar tana tsakiyar rubutu. Irin waɗannan na'urori sukan tara awo a cikinsu, sai lokaci-lokaci su juye a kati, su kuma sabunta jerin da na ambata. In hannu ya zare katin a wannan ɗan taƙin, ko aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi alhali na'urar ba ta da batir, rubutun sai ya tsaya rabi. Shi ya sa manyan na'urori suke da maɓallin sallamar kati. Na kamfanin Campbell Scientific da ke jihar Utah a Amurka, irin su CR6 da CR1000X da ake sawa a tashoshin auna yanayi, sai ka danna maɓalli ka jira fitila ta koma koriya kafin ka zare. Ka duba littafin taka. In ba ta da maɓallin, ka tsayar da ɗaukar awo, ka kashe ta, sannan ka cire.

Batun giga 128 kuwa, ka riƙe kuɗinka. Mu yi lissafi tare. A ce na'urar tana rubuta layi ɗaya duk minti 10: kwanan wata, lokaci, da awo biyu ko uku. Layi 144 ke nan a rana. In kowane layi ya ci harafi 60, shekara guda cur ba za ta kai megabait 4 ba, wato kamar hoto ɗaya da wayarka ke ɗauka. Kati mai giga 2 zai tsufa ya mutu bai cika ba. Babban ma yana iya jawo maka matsala. Katin SD ya fito a 1999, haɗin gwiwar SanDisk da Panasonic da Toshiba, kuma na farkon bai wuce giga 2 ba. A 2006 aka kawo SDHC mai kaiwa giga 32, a 2009 kuma SDXC, wanda ke zuwa da tsarin exFAT. Na'urori da yawa, musamman masu araha, FAT32 kawai suka sani, saboda haka duk katin da ya haura giga 32 ko kallonsa ba za su yi ba. Giga 8 ko 16 ya ishe ka har da rara.

Inda ya kamata kuɗin ya tafi shi ne inganci. Kowane gurbi a cikin memori yana da iyakar sau nawa za a goge shi a sake rubutawa. Katin da aka yi wa masana'antu, mai tsarin SLC, ya ninka na waya juriya sau da yawa, kuma an yi shi ne don ya yi aiki daga digiri 40 ƙasa da sifili zuwa 85. Daga Agege zuwa Computer Village a Ikeja ba nisa, can za ka samu. Sai dai a kowace kasuwa jabu yana cakuɗe da na gaske. Akwai katin da aka rubuta masa giga 64 a goshi alhali cikinsa bai kai 8 ba. Muguntarsa ita ce ba zai ce maka ya cika ba, zai ci gaba da karɓar rubutu yana taka na baya ko yana watsar da sabo. Ka sa a gwada shi da manhajar H2testw, wadda ke cika katin fal ta karanto ta faɗi ainihin girmansa, kuma a gabanka kafin ka biya.

Ka sayi guda biyu, ka sa musu alama da alƙalami. Ranar karɓar awo ka cire ɗaya ka saka ɗayan nan take, don kada a samu giɓi. A wurina katin nan ɗan aike ne, aikinsa ya ɗauko saƙo daga ɗakin sanyi ya kai kwamfuta. Da ya isa ka kwafe fayil ɗin, ka sa masa sunan kwanan wata, ka tura wa maigidanka kwafi ta imel ko WhatsApp. Sai ka buɗe kwafin ka ga lambobi da idonka kafin a goge na kan katin. In dole sai ka shiga shagon kwamfuta na haya, ka tura ɗan makullin da ke gefen katin ko adaftarsa, zai rage haɗarin kwaso bairos. Wasu na'urori kuma ba sa rubuta fayil ɗin da Excel zai buɗe kai-tsaye, na Campbell alal misali sai an juya su da manhajar kamfanin. Ganin rubutu kamar na aljanu ba ya nufin kati ya lalace.

Akwai abin da ya shafi Legas musamman, wato danshi. Katin da ya fito daga firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili, da ya sha iskar Agege zai yi raɓa, balle a watan Yuni lokacin da ruwa ya kankama. Ka jefa shi a ƙaramar leda mai zif tun kana ciki, ka bar shi ya huce kafin ka saka a kwamfuta. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka ajiye biyu a akwatin na'urar.

Sai agogo, wanda kusan kowa ke mantawa da shi. Amfanin duk wannan wahala shi ne ranar da nama ya canza wari, maigida ya buɗe fayil ya ga ƙarfe nawa awon ya haura digiri 4, awa nawa ya yi a haka, kuma wa ke bakin aiki a lokacin. In ƙaramin batirin agogon na'urar ya mutu, za ta koma wata tsohuwar shekara ta ci gaba da rubutu, awon ya zama ba zai wanke kowa ba. Duk ranar canza kati ka gwada agogonta da na wayarka. Wasu na'urorin da lokacin duniya na UTC suke zuwa, Najeriya kuwa tana gaba da shi da awa 1, don haka in ka ga bambancin awa guda cif, saiti ne kawai za a gyara.