Hanyar Hawa Tsaunin Mambila: Abin da Muka Koya

A darasin labarin ƙasa na wannan zangon, mun karanta tsaunin Mambila da ke ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba. Daga Jalingo ana bi ta Bali da Serti, a Mayo Selbe a fara hawa. Hanyar sai lanƙwasa take yi kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗayan, har a kai Nguroje da Gembu.

Tsayin tsaunin ya kai wajen mita 1,600. Shi ya sa ake sanyi a can, domin duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kimanin digiri 6. Wannan sanyin ne ya sa ake noman ganyen shayi a Kakara.

Hanyar akwai ban sha'awa, amma tana da haɗari. Direba mai hankali yakan duba birki da taya da ruwan lagireto kafin ya tashi. Wurin gangara sai ya sa ƙaramar giya, don in ya yi ta taka birki, zai ɗau zafi ya ƙi kamawa. A kwana yakan yi oda, kuma ba ya ƙoƙarin wuce motar gabansa. In hazo ya sauko, sai ya kunna fitila ya rage gudu.

Mu fasinjoji kuma, kada mu zuga direba ya yi sauri. Mu riƙe rigar sanyi, mu yi tafiyar da rana. Allah ya kiyaye hanya.