Amsoshin Tambayoyinku: Wace rigar ruwa ta dace da mai babur?

Tambaya: Ni ɗan acaɓa ne a Panda, kusan kullum ina kan hanya tsakaninmu da Keffi. Damina biyu ke nan ina sayen rigar ruwa, amma ko ta yage kafin Agusta, ko ta dafa ni da zufa har in gwammace ruwan ya dake ni. Wace iri ya kamata in nema? Daga mai karatu, Panda, Jihar Nasarawa.

Amsa: Allah ya tsare hanya. Damina a yankinku doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma ruwa yakan zo ne bayan an sha zafi. Saboda haka rigar da aka ɗinka don sanyin Turai ba taka ba ce, komai kyanta a ido.

Yawancin masu arha da ake ratayewa a kasuwa roba ce zalla, wadda ake kira PVC. Tana tare ruwa ƙwarai, sai dai ba ta barin gumin jiki ya fita, shi ya sa kake jiƙewa daga ciki. Rana kuma tana busar da ita har ta tsattsage a wuraren ninki. Wadda ta fi ta ita ce ta yadin nailan ko foliyesta da aka shafe cikinsa da siririyar roba: ba nauyi, tana naɗuwa, kuma tana jure ja. Masu yadin Gore-Tex sun fi duka barin jiki ya sha iska, amma sabuwarsu tsada gare ta, sai in ka dace a gwanjo.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, ruwa ba kasafai yake ratsa yadin ba. Ta ɗinki yake shiga, da zif, da wuya. Duk inda allura ta bi ta bar huda, gudun babur kuwa yana tura ruwa cikin hudar da ƙarfi. To, ka juya rigar ciki waje kafin ka biya. In ka ga an manna tef a kan kowane ɗinki, musamman na kafaɗa, ka samu. In zare ne tsirara, ajiye ta. Ta gwanjo kuma a duba ko tef ɗin ya fara ɓanɓarewa, ko cikinta yana zubar da gari kamar dusa. Zif ya kasance da marufi a kansa, kwala ta hau wuya sosai, bakin hannu ya tsuke. In akwai takarda ka ga an rubuta 10,000mm, ma'anarsa yadin yana riƙe ruwan da aka tsayar a kansa cikin bututu mai tsawon mita 10 kafin ya yi yoyo. Wannan ya isa aikinka.

Kada ka gwada ta a tsaye. Tsuguna, ka miƙa hannu kamar ka riƙe kan Bajaj ɗinka. In bayanka ya buɗe ko hannun rigar ya ja baya, nemi babba. Wadda aka yi wa kafar iska mai marufi a baya ko a hammata za ta rage maka zufa.

Akwai wadda nake roƙonka ka guje wa: burmemiyar nan da ke rufe mutum da babur har da fasinja. Iska tana hura ta, bakinta kuma yana iya shiga sarƙa ko taya. Riga da wando daban-daban sun fi aminci. Launi ma ba ado ba ne. Ruwan ɗorawa ko lemo mai layi mai ƙyalli shi direban mota zai hango cikin duhun hadari. Rigar ruwa dai ba ta kare fata in an faɗi, don haka a sa ta a kan jaket mai kauri a kafaɗa da gwiwar hannu, ga hular kwano a ka.

In ka dawo gida, ka shanya ta a inuwa, kada ka cusa ta jiƙe a jaka, kada kuma a kai mata dutsen guga. Ka sayi ta nailan mai tef a ɗinki ko da ta fi ta roba kuɗi, Malam, za ta kai ka damina ta gaba in sha Allahu.