Gargaɗi ga masu fito da masu shiga jirgi a Gwaram da Birnin Kudu

Da rani Kogin Bunga rairayi ne. Yaro yana ƙetare shi da ƙafa, masu amalanke suna ɗibar yashi a tsakiyarsa, shi ya sa mutanenmu suka raina shi. To, kogin da ka taka a watan Maris ba shi za ka tarar a Agusta ba. Daga tsaunukan Jos ruwansa yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauchi, ya shigo mana Gwaram, ya wuce Jama'are. Babu babbar madatsar da take rage masa ƙarfi a hanya, domin ta Kafin Zaki har yau ba a gama ta ba. Abin da sama ta zubar a can, shi zai iso mana, ko da nan garin rana ake ƙwallawa. Rafukan ƙasar Birnin Kudu ma halinsu ke nan, da safe iya ƙauri, da la'asar sun shanye mutum.

Na taɓa tsayuwa a bakin mashigi masunta suna laluben wata yarinya. Farantin tallanta yana ta juyi a gefen ruwa, uwarta tana zaune a kan yashi ta kasa kuka. Ba na son in sake ganin irin wannan. Kai mai fito, kai mai babur, ke uwar goyo, ku buɗe kunne.

ABIN DA ZA A YI

1. Ka dubi gabas kafin ka kwance igiya. Hadarinmu daga can yake tasowa, kuma kafin ka kai tsakiya ya cim maka.

2. Ka san iskar gaban hadari. Idan gari ya yi cif da zafi, ganye ba ya motsi, sai ka ji wata iska mai sanyi ta bugo da ƙura da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, to 'yan mintoci suka rage maka. Ka nufi gaɓar da ta fi kusa, ko da wadda ka baro ce. Wannan iskar ta farko ita take kifar da jirgi, tun ɗigo bai sauka ba. Ta fi tsanani a farkon damina da ƙarshenta, kuma ta fi zuwa daga la'asar zuwa dare.

3. Ka kafa sanda a bakin ruwa, ka yi mata tsaga. Ido yana ruɗi, sanda ba ta ruɗi. Idan ruwa ya haye tsagar tsakanin sawu biyu, ka ɗaure jirgi.

4. Ka karanta fuskar ruwa. Ya yi ja, yana ɗauke da kumfa da karan dawa da rassan itace? An sha ruwa a sama, babban ruwan yana tafe.

5. Ka kira wanda yake can saman kogi, ka kuma saurari hasashen hukumar yanayi ta NiMet a rediyo. Ruwan da aka yi jiya a wajen Ningi kai zai sama yau.

6. Ka ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa. Kowane daƙiƙa 3 kimanin kilomita ɗaya ne. Idan ba ka kai 30 ba ka ji ƙarar, ka fita daga ruwa. A tsakiyar kogi babu abin da ya fi ka tsawo, ga gora a tsaye a hannunka.

7. Ka sa rigar kariya, ka ɗaure ta tam. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta wajabta ta, kuma wadda aka zauna a kanta ba ta ceton kowa.

8. Idan babu rigar, ka ɗauki jarka fanko mai murfi, ka ɗaura mata igiya. Ba ta kai rigar ba, amma tana riƙe kan babba a saman ruwa har taimako ya zo.

9. Ka bar aƙalla taƙi guda tsakanin bakin jirgi da ruwa, ranar iska ka ninka. Wannan taƙin shi ne tsakaninka da lahira.

10. Ka sa kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiya, ka ɗaure. Buhun da ya gangara gefe yana tafiya da jirgin.

11. Ka ba mutum ɗaya ƙwarya, aikinsa kwarfe ruwa kawai. Ruwa cikin jarka ɗaya kilo 20 ne, kuma nauyi ne mai yawo, duk inda jirgi ya karkata can yake bi.

12. Ka tari igiyar ruwa da goshin jirgi. Wadda ta buge ka a haƙarƙari ciki take zuba. Ka ƙara kula idan iska tana busowa gaba da gudun ruwa, domin a nan igiyar take miƙewa tsaye, ɗaya na bin ɗaya ba numfashi.

13. Ka tuɓe babbar riga ka naɗe ta a cinya, ke kuma ki tattare mayafi. Tufa idan ta sha ruwa ƙafa take ɗaurewa.

14. Idan jirgi ya kife, ka riƙe jirgin. Katako yana yawo a sama, kuma masu ceto sun fi saurin hango jirgi a kan su hango kai guda.

15. Ka bi maganar Sarkin Ruwa. Idan ya ce yau ba fito, ya san ramukan da ba ka sani ba.

ABIN DA BA ZA A YI BA

1. Kada ka ƙara mutum ɗaya don an roƙe ka. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya taso daga Hayin Badau zuwa Bagwai a kan dam ɗin Watari, an cika shi fiye da ƙima, ya kife. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu tafiya Mauludi. Ruwan dam ne wannan, a kwance yake, damina ma ta wuce. Lodi ne ya yi aikin. Ranar kasuwa, ranar biki, ranar jana'iza, su ne ranakun da ake cewa "Haba Baba, ɗan wannan yaron ai ba shi da nauyi." Ka ce a'a. Su zage ka a gaɓa, ka dawo sawu na biyu ka kwashe su.

2. Kada ka yi fito bayan magariba. Hukuma ta hana tafiyar dare, fitilar waya ba ta nuna kututture, kuma wanda ya faɗa a duhu ba a ganinsa.

3. Kada ka yi tsere da hadari. Yana gudu kamar mota, kai da filafili kake.

4. Kada ka miƙe tsaye, kada ku ruga gefe guda. Tsoron fasinja ya kifar da jiragen da iska ta bari.

5. Kada ka haɗa dabba da mutane a sawu ɗaya, haka babur. Dabba tana zabura, babur yana zamewa, kuma kowannensu ya fi ƙarfin kwalekwale.

6. Kada ka miƙa wa ƙaramin yaro gora don ka je cin abinci. Rayukan mutane ka ba shi, ba shi da ƙarfin da zai tanƙwara jirgi a ruwa mai gudu.

7. Kada ka toshe ɓula da tsumma ka ce ta yi. A tsakiyar kogi take buɗewa.

8. Kada ka matsa kusa da ƙafar gada, ko bishiyar da ta faɗa ruwa, ko ƙarƙashin gaɓar da ruwa yake ci a kwana. Wurin farko ruwa yana juyi, na biyu yana danna ka cikin rassa, na uku ƙasa ce take zabtarowa a kanka.

9. Kada ka amince da mashigin jiya. Yashi yana tashi cikin dare, inda ka taka iya gwiwa yau rami ne.

10. Ke mai goyo, kada ki shiga ruwa mai gudu da ya kai gwiwa. Idan ƙafarki ta zame, kan jaririn ne yake fara nutsewa, kuma ba ki da hannun kwance zani.

11. Kada ka tura mota ko babur cikin ruwan da ya rufe hanya, kada ka yi gudu da dare bayan an sha ruwa. A watan Agusta na 2021 ambaliya ta cinye gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, motoci suka afka, mutum 21 suka rasu.

12. Kada ka dogara da laya, kada ka dogara da iyo. An ce iya ruwa fid da kai, kuma kanka kaɗai aka ce. Mutum goman da ka ɗauko fa?

13. Kada ka shiga dam da sassafe cikin hazon hunturu. Ba ka ganin gaɓa, sanyi kuma yana kashe hannu.

14. Kada ka yi tsalle ka bi wanda yake nutsewa. Zai shaƙe ka ku tafi tare. Ka kwanta a gaɓa ka miƙa masa gora, ko ka jefa masa igiya ko jarka.

15. Kada ka rataye wanda aka tsamo ƙafa sama, kada ka tattaka masa ciki. Lokaci kake ɓatawa, amai kuma zai shige masa huhu. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Idan ba ya numfashi, ka ɗaga haɓarsa ka hura masa iska a baki sau 2, ka danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30, ka yi ta maimaitawa.

16. Kada ka kai shi gida don ya buɗe ido ya yi magana. Ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo bayan sa'o'i. A ɗora shi a mota zuwa asibiti mafi kusa, idan abin ya yi tsanani a wuce Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.