Malam, Ɗora Ƙanƙara a Wuta Kafin Ka Taɓa Alli

Tambayi ɗalibin aji ɗaya na ƙaramar sakandare yanayi nawa abubuwa suke kasancewa a ciki, nan take zai rero maka: daskararre, ruwa-ruwa, iskar gas. Ya haddace sarai. To nuna masa gorar ruwan sanyi da ta yi gumi, ka ce daga ina wannan ruwa ya fito. Da yawa za su ce yoyo gorar take yi. Nan ne darasin ya tsaya, kuma yana damuna ƙwarai, domin babu darasin kimiyya da kayan aikinsa suka fi na wannan araha. Suna nan a kicin ɗin uwar kowane yaro.

Shawarata ta farko, kada ka buɗe darasin da rubuta ma'ana a allo. Ka zo da ƙanƙara, da gwangwani ko ƙaramar tukunya, da risho, da ma'aunin zafi mai kaiwa daga ƙasa da sifili zuwa digiri 110. Idan ɗaya tak makarantar ta mallaka, ya isa. Ka daddaka ƙanƙarar ta yi laushi, ka zuba, ka ɗora a wuta kaɗan-kaɗan. Yaro ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya riƙa motsawa da cokali, ɗaya ya karanta ma'auni duk bayan minti ɗaya, wani kuma ya rubuta a allo. Ka riƙa sauya su, musamman a ajin da ya cika maƙil, don kada aikin ya zama na 'yan gaban aji kaɗai. Kan ma'aunin ya zauna cikin ƙanƙarar, kada ya taɓa gindin tukunya, in ba haka ba zafin ƙarfe za ku auna.

Kafin ka kunna wuta, sa kowa ya zana a littafinsa yadda yake zaton zafin zai riƙa hawa. Kusan duka miƙaƙƙen layi za su ja zuwa sama. Ka bar su da zatonsu.

Abin da zai faru shi ne zuciyar darasin. Wuta na ci, ƙanƙara na narkewa, amma ma'auni ya kafe a wajen sifili, minti bayan minti. Za ka ji wani ya ce, "Malam, ma'aunin ya lalace." Kada ka yi gaggawar ba shi amsa. Sai ƙanƙarar ƙarshe ta narke sannan lambobin su fara hawa, su yi ta hawa har ruwa ya tafasa, su sake tsayawa cak ko da an ƙara wuta. Yanzu ka tambaye su: wutar ba ta mutu ba, to ina zafin ya tafi? Yaron da ya kwana da wannan tambaya a ransa ba zai manta amsarta ba: zafin yana tafiya ne wajen sassauta riƙon da ƙwayoyin ruwa suka yi wa juna, kuma muddin ana wannan aiki, ma'auni ba zai motsa ba.

Ga manyan ajujuwa, ka ba su adadin. Giram ɗaya na ƙanƙara yana cin jul 334 kafin ya narke. Ɗaga zafin giram ɗaya na ruwa daga sifili zuwa 100 yana cin kusan jul 420. Amma mayar da shi tururi yana cin kusan jul 2,260, fiye da ninki biyar. Shi ya sa tukunya ke saurin tafasa amma ta daɗe ba ta ƙafe ba, shi ya sa kuma ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni: duk wannan zafi yana sakinsa ne a kan fata idan ya koma ruwa. Ka faɗi wannan tun kafin yara su matso kusa da tukunya.

Wani abu da zai iya rikita ajin: da wuya ma'aunin ya nuna 100 daidai. Digiri 100 na ƙasar da take daidai da teku ne. Wuri na ƙara tudu, nauyin iska na raguwa, ruwa na tafasa da wuri. A Kano za ku samu wajen 98, a Jos, da ke kan tudu mai kimanin mita 1,200, wajen 96. Kada ka yarda yara su goge abin da suka gani su rubuta na littafi. Abin da suka auna shi ne gaskiyar garinsu, aikinka shi ne ka bayyana dalili.

Daga nan sai ka bi kurakuran da ke maƙale a kawunansu. Na gumin gora, ka cika ta da zoɓo mai sanyi, ka rufe tam, ka ba yaro farin ƙyalle ya goge. Ba zai ga ja ba. Ruwan daga iskar ajin ya fito, danshi ne da ya haɗu da sanyi ya koma ruwa, irin raɓar asuba. Ka yi wannan da damina ko farkon zangon karatu, don da hunturu iska ta bushe, gorar ba ta cika yin gumi ba. Kumfan da ke tasowa a tafasasshen ruwa kuwa tururin ruwa ne, ba iska ba. Shi kuma farin hayaƙin da ke fita a bakin buta ɗigon ruwa ne ƙanana. Ainihin tururin ba a ganinsa, yana ɗan sararin nan da ke tsakanin bakin butar da farin. Gishirin da ya ɓace cikin ruwa ma ba irin narkewar ƙanƙara ya yi ba, cakuɗuwa ya yi. Sai zafi ya kai digiri 801 gishiri yake narkewa da kansa. A shanya ruwan a faranti, gishirin zai dawo.

Kafur na cikin adaka ya ishe ka nuna abin da ke tsallakewa daga daskararre zuwa iska kai tsaye. Ka zana kewayensa a takarda, ka ajiye inda yara ba za su kai shi baki ba, a duba bayan makonni.

Idan za ka sa yara su kwaikwayi ƙwayoyin a fili, su tsaya kafaɗa da kafaɗa suna rangaji, sannan su riƙa ratsa juna, sannan su watse, ka jaddada musu cewa yaran nan ba su sauya ba, tazara da motsi ne suka sauya. Ka kuma gaya musu cewa ruwa ya saɓa wa yawancin abubuwa: idan ya daskare ƙaruwa yake yi da kusan kashi 9 cikin ɗari, dalilin da ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa, kwalba kuma ke fashewa a firiza.

Aikin gida kuma, randa. Su auna zafin ruwan randa da na bokitin roba da aka ajiye a inuwa ɗaya, ko su taɓa da hannu idan babu ma'auni. Ruwan da ke tsatsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, yana tafiya da zafi. Da wannan hikima Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Ranar gwaji, maimakon ka ce su kawo ma'anar bushewar ruwa, ka tambaye su me ya sa ruwan randa ya fi sanyi da bazara a kan damina, da abin da zai faru idan aka shafe bayan randar da fenti.